Dokar Turai kan ƙona itace don lantarki: me ta hana, me ta ƙyale?

A lissafin Tarayyar Turai, tashar lantarkin da ke ƙona itace tana sahu ɗaya da masu aiki da hasken rana da ƙarfin iska: duka makamashi ne mai sabuntuwa. Fiye da rabin irin wannan makamashi a Tarayyar daga itace da sauran tsirrai yake fitowa, shi ya sa gyaran da aka yi wa dokar makamashi mai sabuntuwa ta Tarayyar a 2023 ya ɗauki hankali.

Hujjar doka ita ce, bishiyar da aka sare wata za ta tsiro a gurbinta ta sake shanye iskar kabon ɗin da aka saki. Don haka hayaƙin da ke fita daga tashar ana rubuta shi sifili, sai a ɗora lissafin a kan dajin ƙasar da aka saro itacen. To, nan ne gizo ke saƙa. Itace na fitar da kabon fiye da kwal kafin ya ba da wuta daidai da tasa, kuma cikin ɗan lokaci yake ƙonewa, alhali bishiyar da za ta maye gurbinsa sai ta shekara gommai kafin ta girma. Idan kuma daga kudu maso gabashin Amurka aka shigo da dunƙulen garin katakon, kamar yadda ake yi da yawa, hayaƙin a Turai ya tashi amma bashin na kan Amurka.

Gyaran 2023 ya sa burin makamashi mai sabuntuwa ya kai kashi 42.5 cikin 100 na duk makamashin da Tarayyar ke amfani da shi nan da 2030, ya kuma ba ƙasashe wa'adin 21 ga Mayu, 2025 su shigar da shi cikin dokokinsu. Ya hana gwamnatoci ba da tallafin kuɗi kai tsaye don ƙona gungumen da zai yi katako, da kututture, da saiwa. Ya ce itace ya fara zuwa aikin gini da kayan ɗaki, a sake amfani da shi, a sarrafa shi, ƙonawa ta zo daga baya. A da tashar da ta kai megawat 20 ce ke bin sharuɗɗan kare daji; yanzu daga 7.5 ne. An kuma tsaurara kan tsofaffin dazuzzukan da gatari bai taɓa shiga ba.

Waɗannan gyare-gyare sun yi kyau, musamman batun kututture da saiwa, domin tumɓuke su na talauta ƙasar daji. Abin da ke damuna shi ne sifilin nan yana nan daram. Hana tallafi ma ba hana ƙonawa ba ne: kamfanin da ya sayi gungume da kuɗinsa ya jefa a wuta bai karya doka ba, kuma muddin ya cika sharuɗɗan, lantarkinsa na shiga cikin kashi 42.5 ɗin.