Shin annobar numfashi tana rage zafi ne daga zagaye zuwa zagaye? Tambayoyi da amsoshi

A lokacin korona an sha jin mutane na cewa "ai cutar ta gaji, ƙarfinta ya ƙare." Maganar tana kwantar da hankali, amma tarihin annobar mura da ta korona bai goyi bayanta ba.

Me ya sa annoba ke zuwa zagaye-zagaye?

Ƙwayar cutar bairos tana bazuwa ne muddin tana samun jikin da bai san ta ba. Idan mutane da yawa suka kamu suka warke, ko aka rage cuɗanya, sai yaɗuwar ta lafa. Bayan 'yan watanni garkuwar jiki ta yi rauni, ko sanyi ya shigo, ko aka buɗe makarantu da kasuwanni, ko wani sabon nau'i ya ɓullo, sai ta sake tasowa.

Ba zagayen farko ne ya fi kisa ba?

Ba kullum ba. Annobar murar 1918 ce babbar shaida. Zagayenta na farko, daga wajen Maris zuwa tsakiyar shekarar, ya kwantar da sojoji da fararen hula da yawa a Amurka da Turai, amma galibi zazzaɓi ne na 'yan kwanaki a tashi. A ƙarshen Agusta cutar ta dawo da wata fuska dabam. Wannan zagaye na biyu, daga Satumba zuwa Nuwamba, shi ne ya yi mafi yawan ɓarnar. A Amurka kaɗai, cikin watan Oktoba, mutum kusan 195,000 suka mutu. Abin da ya fi tayar da hankalin likitoci shi ne irin waɗanda take ɗauka: majiya ƙarfi 'yan shekara 20 zuwa 40, ba jarirai da tsofaffi kaɗai ba kamar yadda aka saba gani a mura. Zagaye na uku, a farkon 1919, bai kai na biyu ba, amma ya fi na farko muni. Ana ƙiyasta cewa annobar ta kashe mutum kusan miliyan 50 a duniya.

Mu a Afirka ta Yamma, zagayen mai zafin ne ya fara riskar mu. Jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai suna Mantua ya sauke cutar a Freetown ta Saliyo a tsakiyar Agustan 1918, ta iso Legas a Satumba, ta biyo layin dogo zuwa Arewa. Masana tarihi suna ƙiyasta mutuwar mutum kusan 500,000 a Najeriya. A wasu biranen Turai an lura cewa waɗanda suka sha zagayen farko sun samu ɗan kariya a na biyu. Kakanninmu ba su samu wannan rangwamen ba.

Haka ma murar 1968 da ta taso daga Hong Kong. A Ingila, hunturu na biyu, wato na 1969 zuwa 1970, ya fi na farko kashe mutane. A Amurka kuwa na farkon ne ya fi. Ƙwaya ɗaya, ƙasashe biyu, labari biyu.

Amma ai an ce ƙwayar cuta ba ta son kashe mai ɗauke da ita, don kada ta rasa wurin zama?

Wannan tsohuwar fahimta ce, kuma rabinta gaskiya ne kawai. Nau'in da ya fi saurin tsallakawa daga mutum zuwa mutum shi ke mamaye sauran, ba wanda ya fi tausayi ba. Idan cuta tana kashe mutum kafin ya harbi wani, to lallai nau'i mai sauƙi zai yi rinjaye. Korona ba haka take ba. Mai ita ya fi yaɗa ta a kwanakin farko, wani lokaci ma tun bai fara tari ba, alhali mutuwa, idan za ta zo, sai bayan mako biyu ko uku. Kafin nan ƙwayar ta riga ta yi gaba. Mutuwar majinyaci ba ta rage mata komai, don haka babu abin da ke tilasta mata yin laushi.

Shi ya sa Alpha, wani sabon nau'in korona da aka gano a Birtaniya a ƙarshen 2020, ya fi nau'in asali saurin yaɗuwa kuma ya fi shi kisa. Delta, da aka fara gani a Indiya, ya ƙara kai mutane gadon asibiti fiye da Alpha. Sau biyu a jere cutar ta ƙara zafi, ba ragewa ba.

To Omicron fa? Shi ai ya zo da sauƙi.

Ya zo da sauƙi idan aka kwatanta shi da Delta. Masana a Afirka ta Kudu da Botswana ne suka gano shi a Nuwamban 2021, kuma bincike ya nuna ya fi zama a hanci da maƙogwaro, bai cika nutsawa cikin huhu kamar Delta ba. Wannan sauyi ne na gaske a jikin ƙwayar.

Sai dai babban ɓangare na sauƙin daga jikin mutane ya fito. Lokacin da Omicron ya iso, yawancin jama'a a ƙasashe da dama sun taɓa kamuwa, ko sun yi allurar rigakafi, ko duka biyun. Gobara ce ta faɗa dajin da aka riga aka ƙona. Inda ba a ƙona ba kuwa, ta ci sosai. Hong Kong ta tsare kanta daga cutar kusan shekara biyu, kuma tsofaffi da yawa a can ba su yi rigakafi ba. Da Omicron ya shiga a farkon 2022, asibitoci suka cika har ana ajiye majinyata a waje, kuma a watan Maris yawan mace-macen birnin, idan aka auna da yawan jama'arsa, ya shiga sahun mafi muni a duniya. Dubbai suka rasu cikin 'yan makonni, akasarinsu tsofaffin da ba a yi wa allura ba. Duk wanda ke kiran wani nau'i "mai sauƙi" ya kamata a tambaye shi: ga wa?

Wace rawa asibiti ke takawa?

Babba, ta fuska biyu. Likitoci suna koyo. A Yunin 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar taimaka wa numfashi da kashi ɗaya cikin uku, na waɗanda ke kan iskar oksijin kuma da kashi ɗaya cikin biyar. An kuma koyi kwantar da majinyaci rub-da-ciki don huhu ya buɗe. A 1918 babu ko maganin kashe bakteriya, alhali ciwon huhun da bakteriya ke haddasawa bayan mura shi ya ƙarasa mafi yawan mamatan.

Amma ilimi ba ya aiki idan babu gado. A Manaus ta Brazil oksijin ya ƙare a Janairun 2021. A Indiya, farkon Mayun 2021, ana samun sabbin kamuwa sama da 400,000 a rana, iyalai na yawo da tukwanen oksijin suna neman inda za a cika musu. Mutane da yawa da suka mutu a lokacin da sun rayu in da a watan da asibiti ke da sarari suka kwanta. Nau'i mai rabin zafi da ya kama mutum ninki goma zai fi cika maƙabarta.

Za a iya dogara da alƙaluman da ake sanarwa?

Da taka-tsantsan. A farkon annoba marasa lafiya sosai kawai ake gwadawa, sai adadin masu mutuwa cikin masu kamuwa ya yi kama da mai yawa. Da gwaji ya wadata, aka riƙa ƙirga masu ɗan tari, sai adadin ya faɗi ko da cutar ba ta canza ba. Akwai kuma waɗanda ba a ƙirga su sam. Mutanen Kano ba za su manta da Afrilun 2020 ba, lokacin da dattawa suka riƙa rasuwa a jere, masu haƙa kabari suka fara magana tun kafin hukuma ta ce komai. Daga baya Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta danganta rabi ko fiye na waɗannan mace-mace da korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta rarar mace-mace, wato waɗanda suka ƙaru a kan adadin da aka saba gani, miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali adadin mamatan korona da ƙasashe suka bayar bai wuce miliyan 5.4 ba.

Idan sabon zagaye ya taso, me ya kamata a sa wa ido?

Kada a yanke hukunci a makon farko. Sabon zagaye yakan fara ne da matasa masu zirga-zirga, waɗanda dama ba su cika jigata ba, sai daga baya ya shiga gida ya tarar da tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. A jira mako uku zuwa huɗu, a duba yawan waɗanda ake kwantarwa, nawa ne ke buƙatar oksijin, da shekarunsu. Kafin amsar ta fito, aikin da ke gaban hukuma shi ne ta tanadi oksijin, ta kai rigakafi ga tsofaffi da ma'aikatan lafiya, ta kuma riƙa bibiyar yawan jana'izar da ake yi a manyan maƙabartu.