Hanyoyin Magance Toshewar Jijiyoyin Jini na Ƙafa

Toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa cuta ce da ke samuwa idan kitse ya taru a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntata, kuma an fi ganin ta a jikin masu shan taba da masu ciwon sukari ko hawan jini. Takan fara da ciwon sharaɓa wanda ke tasowa lokacin tafiya, ya lafa idan an tsaya. Idan ta tsananta, gyambo yakan ƙi warkewa, nama ya ruɓe, har ta kai ga yanke ƙafa. Hanyoyi biyu ake bi wajen dawo da jinin: tiyatar da ake tsaga fata, da aikin da ake yi ta cikin jijiya.

Tarihi

A 1948, a birnin Faris, likitan tiyata Jean Kunlin ya ciro doguwar jijiyar da ke ƙarƙashin fatar ƙafar majiyyaci, ya dasa ta yadda jini zai kewaye wurin da ya toshe. A Janairun 1964 kuma, likita Charles Dotter na Portland da ke jihar Oregon ta Amurka ya zura siraran bututu cikin jijiyar cinyar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ya faɗaɗa wurin, ƙafar ta warke. Likitocin tiyata na Amurka sun daɗe ba su karɓi dabarar ba, sai a Turai ta samu gindin zama, inda Andreas Grüntzig ya inganta ta da bututu mai balan-balan a Zurich wajen 1974.

Kwatanci

Aikin cikin jijiya ba ya yawan buƙatar maganin sa barci, kuma majiyyaci yakan koma gida da wuri, amma wurin yakan sake toshewa ko da an saka ragar ƙarfe da ke riƙe jijiyar a buɗe. Dashen jijiya ya fi wahalar jinya, ya kuma fi ɗorewa.

Binciken BEST-CLI na 2022, wanda ya ƙunshi majiyyata 1,830, ya nuna cewa tiyata ta fi amfani ga wanda ke da lafiyayyar jijiyar dasawa. Binciken BASIL-2 na 2023, kan toshewar da ke ƙasa da gwiwa, ya fifita aikin cikin jijiya. Har yanzu likitoci na saɓani kan yadda za a daidaita sakamakon biyu.