Waiwaye: Ruwan da Kano Ta Tare, Ruwan da Jigawa Ke Jira

A wajen wani ɗaurin aure da muka je a wani ƙauye gefen Ringim, bayan an shafa fatiha an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, gardama ta kaure tsakanin kawuna da baffana. Kawu mutumin Bebeji ne, ya girma yana kallon dam ɗin Tiga. Baffa kuwa a ƙasar Auyo aka binne cibiyarsa. Kawu ya ce duk Arewa babu inda ya kai bakin Tiga daɗin zama da yamma, ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaza, ga duwatsu, ga iska. Baffa ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai naku ruwan ɗaure yake. Ka zo fadamar Baturiya da hunturu ka ga ruwan da ke da rai." Matasa ma haka suke yi a waya, wannan ya ɗora hoton Tiga, wancan ya mayar masa da na dam ɗin Kazaure, kowa na cewa jiharsa ta fi.

Ni da nake da jini a ɓangarorin biyu, abin da ke damuna shi ne ana maganar kamar ruwa biyu ne. Ruwa ɗaya ne. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama kogin da ke ratsa Ringim ya nufi Haɗeja, ya bazu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru a Yobe. Abin da aka yi wa kan kogin a sama, shi mutanen ƙasa ke kwana da shi.

Kafin madatsun ruwa, kogin nan da lokacinsa yake tafiya. Damina ta yi nisa sai ya cika ya batse, ya malale fadamun Haɗeja, ya kwanta wata da watanni, sannan ya janye a hankali. Kan wannan zuwa da komawa aka gina rayuwa. Manomi ya shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa, in ya janye ya bi laimar da wake ko alkama. Masunci ya kafa mali a mashigar ruwa. Bafillace ya sauko da shanu da rani ya tarar da ɗanyar ciyawa. A jihar da sunanta ke nufin tudun rairayi, arzikin a kwari yake.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma a lokacin Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse da Ringim duk cikinta suke. Gwamnanta na farko, Audu Bako, wanda ya yi mulki har 1975, ya sa gina madatsu a gaba. Bagauda ta fara, aka bi da Tiga wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya gasa wa Arewa aya a hannu, dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe. Wanda ya ga wannan fari ba zai zargi mutumin da ya ce a tare ruwa ba, kuma ni ban zarge shi ba. Daga Tiga aka ja magudanan da suka mayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar noman rani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir, ya ga kwanduna jere motoci na lodi zuwa Kudu, ya ga amfanin Tiga da idonsa. Birnin Kano ma daga wannan ruwa yake sha. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ragamar manyan madatsun ta koma hannunta.

Ba noma kaɗai aka yi tunani ba. An so bakin ruwan ya zama wurin shaƙatawa, shi ya sa aka gina otal a Bagauda, aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon Tiga. Kawu yana ba da labarin yadda motoci ke jerin gwano daga birni ranar Lahadi, iyalai da kulolin abinci, Turawa da ƙugiyoyin fatsa. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarna. Daga baya harabar otal ɗin Bagauda ta zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Yau mai zuwa Tiga zai sami ruwa da iska yadda Kawu ya faɗa, zai sami soyayyar karfasa da yaji a hannun mata da yara, amma tashen da wurin ya yi a da ya ja baya.

A ƙasa kuwa, sauyin a hankali ya shigo, shi ya sa ba a yi masa kururuwa da wuri ba. Ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi ta wanke hanyoyin ruwa ta ragu. A madadinta sai ga ruwa kaɗan-kaɗan yana gangarowa rani da damina, ba ya cika ba ya ƙafewa. Irin wannan ruwa shi ciyawar kachala ke so. Na shiga kwale-kwale da Baffa a wata mashiga da ya ce yana yaro jirage biyu na giftawa a cikinta ba tare da sun gogi juna ba. Yanzu da gora ake turawa, kachala ta fi tsayin mutum a dama da hagu, ganyenta na shafar fuska, ƙasa kuma laka ce ta taru. Ya nuna mini wata gona da ruwa ya kwanta a kanta shekara da shekaru, sannan ya nuna can gaba inda ruwan ya daina zuwa sam. "Ɗan nan," ya ce, "wani na kuka ruwa ya cinye shi, wani na kuka bai gan shi ba, kuma duk kogi ɗaya." Cikin kachalar nan tsuntsayen jan-baki ke kwana, da asuba su tashi kamar hayaƙi su sauka a kan shinkafa. Yara kan wuni a gona suna kaɗa gwangwani.

Ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano. Shekara guda bayan haka aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Ka ga ke nan manyan makullan kogin biyu sun zauna a jiha ɗaya, fadamar da ke jiran su ta koma wata. Da can in mutumin Haɗeja ya koka, gwamnansa ɗaya da mutumin Kura. Yanzu kukan sai ya tsallaka iyaka, ya bi ta Abuja. A nan ne, a ganina, gardamar "tamu ta fi taku" ta samo asali, ko da masu yin ta ba su lura ba.

Jigawa tana da abin nunawa, kuma ba kaɗan ba. Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ta shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, mai kare irin waɗannan wurare, a 2008. Da sanyi tsuntsaye ke zuwa daga Turai su haɗu da na gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe, da hantsi sai ka ji wurin ya ɗauki kuka kamar kasuwa. Babu otal a kan dutse, babu kujerun zama. Kyan wurin ba gina shi aka yi ba. Kazaure kuma daban take, gari ne da dam ɗinsa ke jikinsa, duwatsu kewaye, mutum na iya fitowa daga kasuwa ya taka zuwa bakin ruwa. Kasuwar kifi ta Haɗeja kuwa, ƙamshin banda kaɗai ya isa ya gaya maka cewa garin da ruwa yake rayuwa.

Sai dai hoton waya ba ya ɗauko komai. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne da suka taso daga ƙauyen Badau za su Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Ga mutanen Badau tafkin nan hanya ce, ita ce mafi kusa zuwa gari. A 2022 kuma ambaliya ta shafe gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, mutane suka kwana kan jinga suna cika buhuna da ƙasa. Duk shekarar da aka yi haka, maganar da ke yawo ita ce "an saki Tiga". Gaskiyar ta fi haka faɗi, domin ruwan sama mai yawa da hanyoyin da laka da kachala suka toshe duk suna da hannu. Amma ban ga laifin wanda ruwa ya ci gidansa ba in ya ɗaga kai ya dubi yamma.

Da la'asar ta yi aka tashi, Kawu ya ce wa Baffa lallai bana zai zo ya ga tsuntsayen nan. Baffa ya ce ya bari sai sanyi ya shiga sosai, kuma ya taho da takalmin roba, don hanyar da suke bi da babur bara ruwa ya kwanta a kanta har yau bai tashi ba.