Zaman haɗaka ba tare da danniya ba: amsoshin da na sha maimaitawa

Wai mene ne zaman haɗaka?

Mutanen da ba dangi ba su zaɓi zama wuri ɗaya, su haɗa aiki, wasu har da aljihu. Twin Oaks a jihar Bajiniya ta Amurka tun 1967 suke haka, mutanen Aiyetoro a jihar Ondo ma sun fara irin wannan zama a 1947.

Ba ƙungiyar asiri ba ce?

Ku duba ƙofar fita kawai. A Jonestown, wani zaman haɗaka a ƙasar Gayana, shugabansu Jim Jones ya riƙe fasfo ɗin mabiyansa, ya zuba masu gadi da bindiga. A Nuwamban 1978 mutum sama da 900 suka mutu. Duk shugaban da ya ce kawo takardunka in ajiye maka, ka tashi.

Dole a ci abinci tare kullum?

Ba dole.

Akwai wanda ba ya aiki a cikinmu. Mu kore shi?

Nan ne nake jin tsoron amsa da sauri. Da farko, kun tabbata ba ya aiki, ko aikinsa ne ba ku ƙirgawa? A Twin Oaks awa ɗaya ta raino ko girki daidai take da awa ɗaya ta aikin da ke kawo musu kuɗi, kuma ana rage wa tsofaffi awanni. Wataƙila ciwo ne yake ɓoyewa, wataƙila aikin da kuka ɗora masa ne bai iya ba. Mutum biyu su same shi a keɓe, kada a tsayar da shi gaban taro, don tozarci ba ya gyara kowa. In an yi haka sau da yawa abu ya ƙi, to, ana iya rabuwa. Amma sai in dokar a rubuce take tun kafin ya shigo, kuma ta hau kan shugaba kamar yadda ta hau kansa. Ko a hakan ma ban ce ba za ku yi kuskure ba. Ku ba shi lokacin neman wuri, ku ba shi kayansa cif.

Muna yawan saɓani. Mun lalace ne?

Kwantar da hankalinku. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Inda ba a taɓa jin musu ba ne ya kamata a damu.

Wanda ya bar mu, mu ci gaba da gaisawa?

Haba! Wannan har sai an tambaya? In matarsa ta haihu ku je suna.