Shan mai na motoci masu turbo

Shan man mota mai turbo a kan hanya shi ne yawan man da motar ke ci a hannun mai ita cikin tuƙin yau da kullum, saɓanin adadin da kamfani ke rubutawa a takardar motar bayan gwajin hukuma. Ana auna shi da lita nawa ta sha a kilomita 100, ko kilomita nawa lita ɗaya ta kai ta, a Amurka da Birtaniya kuwa da mil nawa a galan ɗaya. Kusan kowace mota tana shan fiye da abin da takardarta ta faɗa. Abin da ya bambanta mai turbo, musamman ta fetur mai ƙaramin inji, shi ne shan manta ya fi dogara da ƙafar direba: idan an lallaɓa ta sai ta yi tsimi kamar ƙaramar mota, idan an taka ta sai ta sha kamar babba.

Yadda turbo ke aiki

Inji ba ya ƙona mai sai da iska. Injin fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska a kan kowane giram ɗaya na mai kafin ƙunar ta cika, don haka ƙarfinsa ya ta'allaƙa ne da yawan iskar da zai iya zuƙa. Turbo wata na'ura ce mai farfela biyu a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyun, wadda ke danna iska cikin silinda da ƙarfi fiye da yadda fistin zai iya jawowa da kansa. A ƙananan motoci sandar tana iya wuce zagaye 200,000 a minti ɗaya. Iskar da aka matse tana yin zafi, shi ya sa ake bi da ita ta wani lagireto na daban don ta huce kafin ta shiga inji. Akwai kuma wani bawul da ke karkatar da hayaƙi idan matsin ya kai iyaka.

Kusan kashi ɗaya bisa uku na kuzarin man fetur yana fita ta salansa a matsayin zafi. Turbo yana tsintar wani abu daga wannan asara. Sai dai abin da yake bayarwa iska ce, kuma ƙarin iska yana zuwa da ƙarin mai.

Tarihi

Ba don tsimin man ƙananan motoci aka ƙirƙiro turbo ba. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasahar a 1905, amma ƙarafan wancan zamani ba sa jure zafin hayaƙi, sai aka ɗauki shekaru kafin ta yi amfani. Masu jiragen sama ne suka fara rungumar ta, domin iska tana yin sirara a can sama, inji ya rasa ƙarfi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Auguste Rateau ya gwada ta a injunan jiragen Faransa. A 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau dutsen Pikes Peak a jihar Kolorado, mai tsayin kusan mita 4,300, da injin jirgi a bayan babbar mota, ya nuna cewa turbo na iya dawo wa inji da ƙarfin da tsayi ya ƙwace masa. Wajen tsakiyar shekarun 1920 aka sa shi a manyan injunan dizal na jiragen ruwa a Jamus, sannan ana danganta injin babbar mota mai turbo na farko ga kamfanin Saurer na Suwizalan, wajen 1938.

Ƙananan motoci sun same shi a 1962, lokacin da General Motors ya fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder. Labarin Jetfire ya nuna matsalar da har yau ake kokawa da ita. Injinta yana matse mai da iska sosai, ga kuma turbo a kai, sai wuta ta riƙa tashi a silinda kafin lokacinta. Maganin da kamfanin ya samo shi ne wani ɗan tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol, wanda ake fesawa cikin inji don ya huce. Masu mota da yawa sukan manta da cika tankin, motar ta rasa ƙarfi, su koma wurin dillali da ƙorafi. Shekara biyu kawai aka yi ana ƙera ta, kuma adadin bai kai 10,000 ba.

A Turai, BMW 2002 Turbo ta fito a 1973, ta yi kiciɓis da tsadar mai ta wannan shekara, aka daina ƙera ta kafin a kai 2,000. Porsche 911 Turbo ta shiga kasuwa wajen 1975, Renault ya kai turbo gasar tseren motoci ta Formula 1 a 1977, Saab 99 Turbo kuma ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Ita Saab ana yawan ambatonta a matsayin motar iyali ta farko da ta gwada dabarar da daga baya ta mamaye duniya, wato inji mai silinda huɗu da zai ba da ƙarfin mai silinda shida idan an buƙata, ya koma shan man mai huɗu idan ba a buƙata ba. Duk da haka, a shekarun 1980 kalmar turbo a bayan mota alama ce ta gudu, kuma motocin sun yi suna wajen shan mai da jinkirin amsa totur.

Dokokin hayaƙi ne suka sauya lamarin. A 2009 Tarayyar Turai ta sa wa kamfanoni iyakar giram 130 na iskar kabon a kowace kilomita, a matsayin matsakaicin motocin da suke sayarwa zuwa 2015, daga baya aka sauko da ita zuwa giram 95. Tun da lita ɗaya ta fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na wannan iska, rage hayaƙin daidai yake da rage shan mai. Kamfanoni suka koma rage girman inji suna cike giɓin da turbo, tare da fesa mai kai tsaye cikin silinda. Volkswagen ya fito da injin TSI mai lita 1.4 wajen 2005, Ford ya ƙaddamar da injunan EcoBoost a 2009, ya kawo mai lita 1.0 da silinda uku a 2012. Fiat ma ya sauka har zuwa silinda biyu da injin TwinAir a 2010.

Inda tsimin yake, da inda yake ɓacewa

Mota mai tafiya a miƙe cikin matsakaicin gudu ba ta buƙatar ko rabin ƙarfin injinta. Babban injin fetur a wannan hali yana aiki ne da maƙogwaro a shaƙe: bawul ɗin totur kusan a rufe yake, fistin na faman jan iska ta ƙaramar kafa, wannan jan kuma yana cin kuzari. Ƙaramin inji da ke yin aiki iri ɗaya dole ya buɗe totur sosai, sai asarar ta ragu. Ga kuma ƙarancin gogayya, tun da silindojin sun ragu ko sun ƙanƙance, ga rashin nauyi, ga saurin ɗumama da safe. Daga nan tsimin yake fitowa, kuma a wannan lokaci turbo kusan hutawa yake yi.

Da zarar an nemi ƙarfi, lissafin ya juya. Hawan tudu da kaya, wuce babbar mota, jan tirela, ko gudu mai yawa a babban titi, duk suna sa turbo ya cika silinda da iska. Zafi da matsi suna ƙaruwa, haɗarin tashin wuta kafin lokaci ya taso, abin da ke iya fasa fistin. Kwamfutar inji tana kare shi ta hanyar jinkirta tartsatsin filogi, wanda ke rage amfanin da ake samu daga kowane ɗigon mai, ya kuma ƙara wa hayaƙi zafi. Farfelar turbo kuwa ba ta jure abin da ya wuce kimanin digiri 950 zuwa 1,050 na ma'aunin Salsiyos, gwargwadon ƙarfen da aka yi ta da shi. Idan aka doshi wannan iyaka, injuna da yawa suna zuba mai fiye da wanda iskar za ta iya ƙonawa, don rarar ta sanyaya hayaƙin. Wannan man ba ya tura mota ko taku ɗaya. Bugu da ƙari, yawancin injunan fetur masu turbo an rage musu matsin silinda tun daga ƙira, don haka ko a hali mai sauƙi sun ɗan yi asara tun farko.

Nauyin mota yana da tasiri babba a nan. Injin lita 1.0 a ƙaramar mota yakan yi yawancin tafiyarsa ba tare da neman taimakon turbo ba. Shi wannan injin a mota mai tsayi da nauyi kusan kullum cikin matsi yake. Ingancin man ma yana shiga: fetur mai ƙarancin oktan, wato mai saurin kamawa da wuta kafin lokaci, yana sa kwamfuta ta ƙara jinkirta tartsatsi, ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara taka totur. Sauran abubuwa, kamar gajerun tafiye-tafiye da inji a sanyaye, cunkoso, na'urar sanyaya mota da tayoyi marasa isasshiyar iska, suna shafar kowace mota.

Gwajin hukuma

Ana gwada mota ne a ɗaki, tayoyinta na juyawa a kan wasu gangunan ƙarfe, direba yana bin jadawalin gudu da aka tsara. Tsohon gwajin Turai, NEDC, yana ɗaukar daƙiƙa 1,180 a kan tafiyar kusan kilomita 11, da matsakaicin gudun kilomita 34 a awa. A cikinsa ana ba mota daƙiƙa 26 ta tashi daga tsaye zuwa kilomita 50 a awa, abin da ba kasafai direba ke haƙurin yi ba. Irin wannan tuƙi yana ajiye ƙaramin inji mai turbo daidai inda ya fi tsimi. Ƙungiyar bincike ta ICCT ta ƙiyasta cewa tazarar da ke tsakanin adadin takarda da na hanya a Turai ta tashi daga kusan kashi 9 cikin ɗari a 2001 zuwa kusan kashi 42 a 2015. Wannan adadi ya haɗa dukkan sababbin motoci, kuma dalilansa sun haɗa da dabarun da kamfanoni ke yi wajen shirya motar gwaji, don haka ba a iya ɗora shi duka a kan turbo.

An fara maye gurbin NEDC da gwajin WLTP a watan Satumba na 2017. Sabon gwajin minti 30 ne, tafiyarsa ta haura kilomita 23, gudunsa na kaiwa kusan 131 a awa, da tashi mai ƙarfi. Tazarar ta ragu amma ba ta rufe ba. Daga 2021 sababbin motoci a Tarayyar Turai suna ɗauke da na'urar da ke adana ainihin man da suka sha, kuma rahoton farko da hukumar tarayyar ta fitar a 2024 ya nuna motocin fetur suna wuce adadin takarda da sama da kashi 20 cikin ɗari.

A Amurka hukumar kare muhalli ta EPA ta gyara lissafinta a 2008, ta shigar da gudu mai tsanani, sanyi da na'urar sanyaya mota, shi ya sa adadinta ya fi kusa da gaskiya. Duk da haka, a 2013 mujallar Consumer Reports ta bayyana cewa da dama daga ƙananan injuna masu turbo da ta gwada ba su fi manyan injuna marasa turbo na kishiyoyinsu tsimi ba.

Dizal

Injin dizal ba ya shaƙe iska da totur, kuma ba shi da matsalar tashin wuta irin ta fetur, don haka turbo ya fi dacewa da shi. Mercedes-Benz 300SD ta 1978 da Peugeot 604 ta 1979 suna cikin ƙananan motocin dizal masu turbo na farko. A yau da wuya a sami ƙaramar motar dizal marar turbo.

Gyare-gyaren baya-bayan nan

Sababbin injuna suna zagaya hanyar fitar hayaƙi da ruwan lagireto don a rage zuba rarar mai. Wasu suna rufe bawul ɗin shan iska da wuri, wasu suna da turbo mai fukafukai masu motsi. Nissan ya fitar da inji mai sauya matsin silinda tsakanin ninki 8 da ninki 14 wajen 2018. Wasu kamfanoni sun ɗan mayar da girman inji, kamar Volkswagen da ya koma lita 1.5 daga 1.4.

Aunawa

Adadin da ke fitowa a allon mota yakan ɗan nuna ƙasa da gaskiya. Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce a cika tanki, a rubuta kilomita, a sake cikawa bayan tafiya, a raba litocin da nisan, a kuma maimaita a tankuna da yawa. Wajen kwatanta alƙaluma daga ƙasashe daban-daban ana lura cewa galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya kuma lita 4.546.

Saɓani

Masana ba su haɗu a kan yawan tsimin da rage girman inji ya kawo a zahiri ba. Masu goyon baya suna cewa ya kamata a kwatanta da babban inji mai ƙarfi ɗaya. Masu suka suna nuni da Mazda, wanda daga 2011 ya bi hanyar injin fetur marar turbo mai matsi sosai, da Toyota da ya fi karkata ga motoci masu haɗa inji da batir.