Yadda ƙoda ke riƙe ruwa da gishiri: tambayoyi da amsoshi

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Gusau da Talata Mafara, manomi kan wuni a gona bai yi fitsari fiye da sau biyu ba, shi ma ja kamar shayi. Wasu ƙananan furotin da ke bangon bututun ƙoda ne ke wannan tsimi.

Ashe ƙoda ba rariya ce kawai ba?

Tacewa somin taɓi ne. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu wajen miliyan ɗaya, kowace da siririn bututunta. Ƙodojin biyu na tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini a kwana guda, amma fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran ana mayar da shi cikin jini, kuma ba haka siddan yake komawa ba. Ƙwayoyin halitta ne suka yi bututun, bangon kowace ƙwaya kuma maiƙo ne, gishiri da sukari ba sa ratsa shi sai ta ƙofa. Furotin ɗin nan su ne ƙofofin.

Me ke tafiyar da su?

Famfon sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) da fotasiyam, wanda ke zaune a bangon ƙwayar ta gefen jini. Duk juyi ɗaya yana fitar da sodiyam 3 daga ƙwayar, ya shigar da fotasiyam 2. Da sodiyam ya yi ƙaranci a ciki, sai na cikin bututu ya danno ta ƙofofi, yana janye da sukari da fosfet da sauran abubuwa masu amfani. Ruwa kuma ya bi sawu ta ƙofar da ake kira akwaforin-1, wadda masanin kimiyya Peter Agre ya gano aikinta a 1992, ya samu kyautar Nobel a 2003. Ɗalibi ya riƙe wannan: gishiri ne gaba, ruwa na bin sa. Kashi biyu cikin uku na ruwa da sodiyam suna komawa tun a farkon bututu.

Me ya sa tururuwa ke bin fitsarin mai ciwon sukari?

Ƙofar SGLT2 na kwashe kusan kashi 90 cikin 100 na sukarin da aka tace, SGLT1 ta ƙarasa. Amma ƙofofin suna da iyaka. Idan sukarin jini ya haura wajen miligiram 180 a kowace desilita, kaya sun fi ƙarfinsu, rarar ta zube a fitsari tana jan ruwa. Nan ne tushen yawan fitsari da ƙishirwa.

To yaya fitsari ke kauri a lokacin azumi?

Matakai biyu ne. A lanƙwasar bututun da ake kira madaukin Henle, ƙofar NKCC2 na ɗibar sodiyam 1 da fotasiyam 1 da kuloraid 2 a lokaci guda, kuma wannan sashe ba ya barin ruwa ya bi. Sai gishiri ya taru a tsakiyar ƙoda. Bututun ƙarshe kuwa ta cikin wannan gishiri yake ratsawa.

Idan jiki ya rasa ruwa, ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin ADH, mai sa ƙoda ta riƙe ruwa. Cikin 'yan mintuna sai ƙofofin akwaforin-2, waɗanda ke ajiye a cikin ƙwayar, su fito su manne a bango, ruwa ya tsotsu ya koma jini. Wanda ya san yadda ake buɗe ƙofar magudana a noman rani na Bakolori ya gane lamarin. Shi ya sa ɗurawa ciki ruwa mai yawa a lokaci ɗaya da sahur ba ya daɗewa: ADH na sauka, ƙofofin su koma ma'ajiya, ruwan ya fita. Gara a riƙa sha kaɗan-kaɗan daga buɗa baki. Tsimin ma yana da iyaka, domin sai da kusan rabin lita na fitsari dattin yini ke fita.

Maganin kumburi fa?

Lasix yana toshe NKCC2, wadda ke ɗibar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sodiyam, don haka fitsari ke ɓarkewa. Matsalar ita ce fotasiyam na tafiya tare. Kasala, ɗaurewar tsoka da rikicewar bugun zuciya na iya biyo baya. Ba maganin da za a saya a kemis a sha da ka ba ne; sai likita ya rubuta, ana kuma gwada jini.

Gubar dalma na taɓa waɗannan ƙofofi?

Ƙwarai. A 2010 gubar da ta fito daga niƙa dutsen zinariya a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta kashe yara wajen 400. An fi sanin illarta ga ƙwaƙwalwa, amma tana raunana farkon bututun ƙoda ma, inda aikin ya fi yawa. Sai sukari da fosfet su riƙa zuba a fitsari alhali sukarin jini lafiya lau. A yara wannan kan warke idan an raba su da gubar an yi magani. Babba da ya shekara da shekaru a cikinta kuwa yana iya ƙarewa da tabon ƙoda da hawan jini. Ma'aikacin lafiya da ya ga sukari a fitsarin yaro daga ƙauyen haƙar zinariya, kada ya yi saurin cewa ciwon sukari ne. Ya gwada sukarin jini, in ya fito daidai, ya nemi a auna dalmar da ke jinin.