"Difol" ba lalacewa ba ce

Tun da cike takardun neman gurbin karatu da na neman aiki ya koma ta intanet, kalmar "difol" (default a Turanci) ta cika bakin mutane a Jos. Ana jin ta a shagunan kwamfuta na titin Bauchi, ana jin ta wajen masu gyaran waya a Taminus, har a shirye-shiryen rediyo da ake bugo waya. Kusan kowa kuma matsala yake nufi da ita. "Wayata ta yi difol." "Hoton ya ƙi shiga, difol ne." Na ji mai gabatar da wani shiri yana ba mai kira shawarar ya kai wayarsa a cire mata difol. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mutane na kashe kuɗi a kan abin da lafiyarsa lau.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Kunnenmu ya saba da "folt" na masu gyaran wuta, wato lalacewa. Ga kuma labarai: da Zambiya ta kasa biyan bashinta a 2020, da Gana ta dakatar da biyan nata a ƙarshen 2022, da wannan kalmar aka ba da labarin, 'yan siyasarmu kuma suka ɗauka suna tsorata juna da ita. Gaskiya ne akwai gazawa a tushen kalmar, don daga tsohon Faransanci ta shiga Turanci da ma'anar rashi ko kasa cika wani wajibi. Amma gazawar wa? A kotu kalmar ta yi ƙarfi. An kai ƙarar mutum, an kai masa sammaci, ranar zama ta zo, bai halarta ba, bai turo lauya ba, bai aiko da uzuri ba. Alƙali ba zai ajiye shari'a har abada yana jiransa ba, sai ya yanke hukunci a bayan idonsa. Wannan hukuncin ne ake danganta shi da difol, kuma wanda ya gaza shi ne wanda bai zo ya yi magana ba. Da irin wannan ma'ana masu ƙera kwamfuta suke amfani da kalmar. Manhaja ta ba ka damar faɗin inda za a ajiye aikinka da irin fayil ɗin da kake so, ka yi shiru ka danna ajiye, sai ta zartar da abin da aka riga aka tsara mata. Difol zaɓi ne da wani ya yi maka saboda kai ba ka yi ba.

Idan ka gyara hoto, irin wannan zaɓi biyu ake yi maka. Na farko wurin ajiya. Kyamarar waya tana zuba hotuna a folda mai suna DCIM, amma manhajar gyaran hoto sau da yawa tana buɗe tata foldar daban, abin da ka sauko da shi daga shafin zane na Canva ta burauza kuma yana faɗawa cikin foldar saukewa. Hoton da ake cewa ya ɓace yana nan, an dai duba inda ba a ajiye shi ba.

Na biyu shi ne irin fayil ɗin, kuma a nan ake shan wahala. Kwanan baya na tarar da wata ɗaliba a wani shago kusa da jami'a, tana son ɗora hoton fasfo a shafin rajista. Da iPhone ta ɗauka, ta gyara haskensa, ta turo wa mai shagon. Shafin ya ƙi karɓa. Ya duba allo, ya girgiza kai ya ce, "Ƙanwata, hotonki ya yi difol, sai dai a sake ɗauka a nan." Ta ce, "To Malam, nawa ne?" Ta biya, aka sake ɗauka. Alhali tun 2017 Apple ya sa wayoyinsa su riƙa ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda ke cin kusan rabin wurin da JPEG ke ci, su kuwa yawancin shafukan rajista JPEG suke nema. Juya hoton aikin minti ɗaya ne. Da ta shiga saitin kyamara, ɓangaren tsarin fayil, ta zaɓi "Most Compatible", da duk hoton da za ta ɗauka nan gaba JPEG zai fito.

Shi ma JPEG ɗin a san halinsa. Tun 1992 aka fito da shi, kuma dabararsa ta rage nauyin hoto ita ce zubar da wasu bayanai da ido ba ya saurin lura da su. Duk lokacin da ka buɗe, ka gyara, ka sake ajiyewa a JPEG, an ƙara zubar da wani abu, kamar rigar da ake yawan wankewa har launinta ya koɗe. Shi ya sa katin gayyatar biki da ya bi ta hannu biyar rubutunsa ke yin dishi-dishi. Tsarin PNG, wanda ya zo a 1996, ba ya zubar da komai, kuma yana iya barin bayan hoto wayam. Mai tambarin kasuwanci da ya sha wahala ya cire bayan hoto, sannan ya bari manhaja ta ajiye a JPEG, zai ga farin akwati ya dawo a bayan tambarinsa, ya ce manhajar ce ta lalace. Masu aiki da Photoshop da CorelDraw kuma su tuna cewa PSD da CDR fayilolin aiki ne na mai zane, da wuya kwastoma ya iya buɗe su a wayarsa.

Ni a ganina bai kamata a ɗauki difol a matsayin abin da ya fi dacewa da kowa ba. Kamfani ne ya zauna ya zaɓa, da kasuwarsa a ransa, ba da ɗalibar da ke bin layi a titin Bauchi da datar da ta kusa ƙarewa ba. Mai shagon da ke karɓar aikin jama'a ba shi da hujjar barin kwamfutarsa tana tara hotunan kwastomomi a kan faifan da Windows ke zaune, domin ranar da aka yi wa kwamfutar fomatin, duk sun tafi. Ya buɗe folda a wani faifai daban, ya saita manhajarsa ta riƙa ajiyewa can, ya bar asalin hoton yadda yake, ya yi gyara a kan kwafi. Kuma kada ya ce zai yi dabarar goge "heic" a ƙarshen sunan fayil ya rubuta "jpg". Sunan kawai ya canza, cikin fayil ɗin yana nan yadda yake, sai an buɗe shi a manhaja an fitar da shi a sabon tsari kafin shafin ya karɓa.